Na Cikin Rami

A zamanin En'e, ni da yayana muke tsaga katako a bayan garin Roni. Babu inji a lokacin. Rami ake haƙawa, a gindaya gungumen maɗaci a bakinsa, a buga masa layi da zaren da aka shafa wa gawayi. Mutum ɗaya ya hau kan gungumen, ɗaya ya shiga ramin, su riƙa jan dogon zarto. Na sama yana bin layi yana shan iska. Na ƙasa kuwa, duk garin itacen a fuskarsa yake zuba.

A ƙa'ida, musanya ake yi bayan kowane katako, amma Yaya bai taɓa yarda ba. "Kai ka hau," yake cewa, "ni idona ba ya riƙe layi." Ni kuma sakarai, na hau ina fankama, har ina daka masa tsawa idan ya fizgi zarton gefe. Ko sau ɗaya ban tuna cewa ni ne mai ciwon fuka tun yarinta ba.

Ƙurar nan ta cinye masa ido a hankali. Da ya makance, ni nake yi masa jagora zuwa masallaci. Wata Juma'a za mu fita, ya shafa ƙyauren zaurenmu, wanda muka tsaga tare, sai ya yi dariya.

"Nan ka so ka karkace," ya ce. "Ina daga ƙasa na gani, na maido maka da zarton kan layi."

Fizgar da nake zaginsa a kanta ke nan.