Ƙasar Gindin Gawo

In ka taɓa tsayawa a gona lokacin da ruwan fari ya sauka kan busasshiyar ƙasa, to ka san ƙamshin da ya buge ni ranar da na buɗe wani faranti a ɗakin gwajinmu. 'Yan halittun cikin ƙasa ne ke ba da shi, su muke reno mu ga ko za su hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wallahi ina shaƙarsa sai ƙafar Baba ta faɗo mini a rai.

Ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu wajen Mai'adua, fartanya ta sare shi a ƙwauri ana noman fari. Ciwon bai taka kara ya karya ba, washegari ma ya koma gona. Kafin gero ya fid da kai ya zama gyambo. Kaka, mahaifiyarsa, ba ta yarda da kowace ƙasa ba sai ta gindin wani gawo a bayan gari. Da sassafe take ɗebowa a ƙoƙo, ta kwaɓa, ta shafe bakin ciwon tana mita. Inna kuwa abin bai kwanta mata ba. Ranar kasuwa ta ba da sautun kafso ja da yalo, ta jira Kaka ta fita unguwa, ta wanke ƙasar tas, ta fasa kafso ta barbaɗa. Haka kowa ke yi.

Kaka ta dawo ta gani, ta kife ƙoƙon. "Tunda kin fi ni sani, ga ki ga shi." Ba ta ƙara ɗebowa ba. Taurin kai gado ne a gidanmu, ni ma na samu rabona.

Ƙafa ta kumbura suntum. Aka kai shi asibiti a Daura, aka yanke, bai ga girbi ba. Har Kaka ta rasu ba su sake zancen ba, amma abin na nan yana cin Inna.

Bara na je gida na ɗebo ƙasar gawon nan, Inna na kallona. A ɗakin gwaji na yi renon halittun da ke cikin ƙasar, na ja su layi ɗaya a tsakiyar faranti, bayan kwanaki na jera ƙwayoyin cuta iri huɗu a gefen layin. Biyu suka tsaya nesa, fili fes kamar an share tsakar gida. Ɗaya ta ɗan ja baya. Ta huɗun ta tako har bakin layi, ko a jikinta.

To wacce ce ta ci ƙafar Baba? Oho. Ba wanda ya ɗebi ruwan ciwon ya auna. Ƙasar ma kanta tana iya zuwa da tata cutar. Yanzu kuma kafso ya cika ƙauyuka, a kan babur ake tallarsa, ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin tsoronsa. Na iya auna filin nan na cikin faranti da rula, iyakar iyawata ke nan, abin yana ƙona mini rai.

Da na koma gida Inna na tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Uwata, da na bar mata ƙasarta, da ya tashi?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "Duk karatun nan?" Ta ci gaba da tsintar wakenta.