Sista Rekiya, Wadda Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Kafin tasi-tasi masu kore da fari su cika titi, Sista Rekiya ta riga ta sauka daga bas ɗin Orozo, ta gyara hularta, ta shiga ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwa. Firij take fara dubawa, sannan allurai, sannan fuskoki. A kan fuskokin ta fi daɗewa. A watan nan ta ajiye aiki, kuma babu titin da za a sa wa sunanta. To, bari a faɗe shi a nan.

Mutuniyar Okene ce, Hausarta ta kasuwar Utako, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. A shekarun da mulkin farar hula ya zauna, kuɗi suka malalo Abuja, benaye na tsirowa kamar ciyawar damina, wani sabon magani ya iso asibitinsu. Shi ba ya kashe cutar da kansa, garkuwar jiki yake tasa ta yi yaƙin. Ga yadda take fassara wa marasa lafiya:

"Jikinka akwai sojoji. Ciwon nan ya ɗaure su. Ruwan nan zai kwance su. Amma sojan da aka kwance, wani lokaci ba ya gane ɗan gida."

Gaskiya ta faɗa. Sojojin kan juya su afka wa hanji ko huhu ko fata, kuma da ƙaramin abu suke farawa: gudawa, tari, ƙaiƙayi. In an faɗa da wuri, likita ya lallashe su. In an ɓoye, sai wani ikon Allah.

Nan kuwa gizo ke saƙa. Muna da wata ɗabi'a da muke kira haƙuri, alhali rabinta ƙarya ce. Mutum na ji kamar ransa zai fita, a ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. A zaure wannan ladabi ne. A gaban mai jinya kuwa, haƙa wa kai kabari ne.

A tambayi Alhaji Badamasi, Bazazzagi mai atamfa a kasuwar Wuse. Ciwon daji ya kama shi a ƙoda, aka ɗora shi a kan sabon maganin, ya kuwa karɓe shi. Hoto ya nuna ciwon ya ja baya, ya koma shago. Sai gudawa ta sako shi a gaba. Ya yi gum, ya koma shan jiƙon basir. Dattijo ba ya zancen bayan gida da mace, ga kuma tsoron kada a tsayar masa da ruwan da ya tashe shi.

Ranar ƙarin ruwansa ya zo tare da maiɗakinsa, Hajiya Saudatu. Sista ta ɗauko ledar magani, ta dubi leɓɓansa da suka bushe, ta tsaya.

"Alhaji, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Sista. Alhamdu lillahi."

"Wannan amsar gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ba ni ta asibiti."

Ya ɗaga kai yana kallon fanka. Da wata mai jinyar ce, da ta maƙala ruwa ta wuce gado na gaba, ba kuwa mai ganin laifinta, tunda ta tambaya an amsa. Ita sai ta ja labule, ta ce, "Hajiya, kai ma ka matso." Ta dubi Alhaji, ta sassauta murya.

"Alwalar azahar tana kai ka la'asar?"

Hajiya ce ta amsa, kanta a sunkuye: "Ko sallama ba ta kai shi. Ya daina zuwa jam'i."

"Hajiya!"

"Ciwo ka ce kada in faɗa, Alhaji. Ba ka hana ni zancen alwala ba."

Sista ta mayar da ledar firij. Alhaji ya shiga magiya. "Ki dubi girman Allah ki sa mini. Shi ne ya tashe ni."

"Oga, sojanka ya juya yana cin gida. In na ƙara masa bindiga yau, ni da kai za mu amsa tambaya, ni a nan, kai a can."

Ta kira likita, aka ba shi gado, aka fara kwantar da hanjin. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, da hanjin ya huje. Alhaji ya yi ta fushi, ko gaisuwarta ba ya amsawa. Ko a jikinta. Da ciki ya lafa aka ci gaba da magani, ga shi yau a sahun gaba a masallacin kasuwa.

Sista Rekiya, ke ce kika gane cewa mai kunya ba a fasa masa ƙofa, ta inda yake shiga ake binsa. Ke ce kika zaɓi a yi fushi da ke a raye, da a yabe ki a wurin zaman makoki. Masana na can ƙasashen nesa suna ta gano sababbin hanyoyi, wasu na tada garkuwar jiki, wasu na kwantar da ita ga masu ciwon gaɓoɓi. Madalla da su. Amma komai kyan magani, yana buƙatar mai kallon fuska. Uwar ɗakin ruwa, sannu da aiki.

Ranar bankwanarta Alhaji ya zo da turmin atamfa a hammata. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, yaya jiki?"

Ya gyara tsayuwa a gaban jama'a. "Gwiwar hagu na ciwo. Jiya na ɗan yi tari. Alwala kuwa tana kai ni isha'i."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta ce, "Yauwa. Yanzu ka warke."

Mun gode, Sista, Allah ya saka da alheri, ya sa hutu ya karɓe ki. Ku matasan masu jinya, ku koyi tambaya ta biyu. Ku kuma masu kwanciya a gado, ku gode wa Allah, sannan ku faɗi inda ke ciwo. Allah bai ce a gode masa da ƙarya ba.