Bulo Ashirin da Uku

Shekara ashirin da tara na yi ina tura wa Dobrosav kwaɓi a baro, a masana'antar narka ƙarfe ta garinmu. Magini ne, amma ba na gidaje ba. Cikin tanderu yake ginawa, inda ƙarfe ke zama ruwa. Ba ya ɗora bulo sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma ya saurara. In ya yi amo kamar ƙararrawa, ya shiga gini. In ya yi dum, ya jefar. Bulo ɗaya mai tsaga ya isa ya ƙona mutum uku, kuma a hannunsa ba wanda ya taɓa ƙonewa.

Ranar da aka rufe masana'antar, saura wata shida ya cika shekarun fansho. Duk inda ya je neman aiki, sai a kalli furfurarsa a ce za a neme shi.

Bara ƙaramar hukuma ta shirya mana Wasannin Marasa Aiki a filin ƙwallo, wai don mu saki jiki. Aka yi jan igiya, aka yi tseren buhu, aka dafa wake a tukunyar soja. Babbar gasar ita ce ginin katanga. Kowa bulo ɗari, wanda ya riga jera su duka ya samu aikin wata shida a sashen gyaran tituna.

"Tsoho, wannan taka ce," na ce masa. "Ka jera kawai, don Allah. Ba tanderu ba ne."

"Na ji, Ratko. Ka ishe ni."

Kusa da shi aka tsayar da Nebojša, tsohon direban manaja, wanda ko laka bai taɓa kwaɓawa ba. Aka busa usur. Dobrosav ya jera goma kafin kowa ya jera biyar. A na sha ɗaya hannunsa ya tsaya. Tsofaffin bulo ne, daga tanderunmu da aka rushe aka kwaso su. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya jefar gefe.

"Kawu, asibiti ka buɗe?" in ji Nebojša. "Duba nawa ma, wannan kamar yana tari!"

Mai lasifika, wani jami'i da farar riga, ya ce a tafa wa makaɗi. Fili ya ɗauki dariya.

Na yi ihu har murya ta dishe. "Dobrosav! Fanshonka! Zorka na kallonka!" Matarsa ke nan, tana tsaye bakin layi riƙe da kwat ɗinsa.

"Fasasshe ne," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Nebojša ya gama, katangarsa ta karkace kamar mashayi, aka ɗaga hannunsa aka yi hoto. Dobrosav bai daina ba. Mutane suka watse zuwa layin wake, shi yana ta gini. Ya jefar da ashirin da uku, don haka ko da ya riga kowa, ɗarin ba za ta cika ba. Ya san haka tun a na sha ɗaya.

Aka ba shi hula mai tambarin hukuma.

Zorka ta sa masa kwat, ta ɓalla masa maɓallai har wuya. "Shekara arba'in ina zaune da jaki," ta ce mini. Ranar Litinin ta fara aikatau na wanke matakalar benayen unguwa, da gwiwoyin nan nata masu ciwo.