Wankan Jego a Japan

Lokacin da 'yata ta kusa haihuwar fari, tana Japan tare da mijinta da yake karatun aikin gona a can. Gida ya kamata ta dawo wankan jego, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai surukin nawa ya nema mini takardu. Na bar ɗalibaina na Islamiyya a Gaya a hannun ƙanwata, na hau jirgi.

Na baro gida ana zafin da ko inuwa ba ta zaunuwa. An ce mini can ma bazara ce, ban ɗauki kayan sanyi ba, ashe tasu bazarar wutsiyar sanyi ce. A filin jirgi aka karɓe kilishin da na ƙullo, don ba a shiga musu da nama, ma'aikacin yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi mini laifi. Daddawa da kuka da kanwa kuwa ya duba ya bar mini.

Na tarar ta sauka lafiya, an samu mace. Gidan ɗan ƙarami ne, babu tsakar gida balle murhun dafa ruwa, ganyen darbejiya kuwa sai a mafarki. Na yi da abin da na samu: ruwan zafi na famfo da tawul, safe da yamma, da kunun kanwa. Na koyi cire takalmi tun daga bakin ƙofa, da raba shara kashi-kashi, da kame bakina a jirgin ƙasa, inda ko waya ba a amsawa.

Ranar da na fara kaɗa miyar kuka, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa gajeriya mai furfura, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Na zaci ƙorafin warin daddawa ya kawo ta. Ta yi ta shinshina iska tana murmushi, ta koma ta dawo da wani ɗan mazubi na waken suya da aka ruɓar, mai yauƙi kamar kuɓewa. Surukina ya ce abin karin kumallonsu ne, babu komai na haram a ciki. Na ɗanɗana, sai na ji ɗan'uwan daddawa ne. Ita ma ta ci tuwon shinkafa da miyata har ta ƙara.

Daga nan kullum tana shigowa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, sai nuni da hannu, in abin ya gagara 'yata ta sa waya ta fassara. Ta nuna mini yadda suke goya yaro da wani dogon ƙyalle, na nuna mata namu da zani da majanyi.

Wata safiya ta zo ta ce itatuwan bakin kogi sun yi fure, mu je duka har da mai jego. Na ce a'a, ba a yi arba'in ba, a garinmu ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba. Tsohuwar ta yi magana cikin waya, 'yata ta karanto mini:

"Furen nan ba ya jiran arba'in. In aka yi ruwa da iska, sai baɗi."

Na dubi 'yata. Tun zuwana ba ta ga rana ba sai ta taga, babu 'yan barka, babu ƙawaye, ga shi na sha kama ta tana share hawaye. A Gaya mai jego ba ta fita ne saboda duniya ce take zuwa ta same ta. Na ce ta ɗauko mayafi mai kauri da safa.

Itatuwan sun yi fari fat da ɗan ja-ja, babu ganye ko ɗaya, sun rufe kogin. Iyalai sun shimfiɗa leda a ƙasa, takalma a jere a gefe, ana ci ana hira a hankali. Muka baje namu: dunƙulen shinkafar tsohuwar da funkasona. Da azahar ta yi na ta da salla a gefen shimfiɗar, tsohuwar ta riƙe jaririyar tana kare mata fuska daga furen da yake zubowa. 'Yata ta ci abinci sosai, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da muka tashi, kowa ya kwashe shararsa ya tafi da ita gida.

Na dawo ana shirin shuka. Matan unguwa suka cika ɗakina suna tambaya ko an yi wankan yadda ya kamata. Na ce an yi daidai gwargwado, uwa da 'ya suna lafiya. Wata malama daga Toranke da ɗanta yake neman karatu a can ta ce ita tsoron ƙasar take ji. Na ce ta sa masa albarka ya tafi, ya ɗauki rigar sanyi, in ya isa kuma ya fara da gaida maƙwabta.