Kwana Bakwai Irin Na Suna

Bara, ina da shekara sha biyar, aka tsare ni kwana shida a ɗakin Inna saboda gudun da wata mota ta yi. Ni da ko keke ban iya ba.

Baba direba ne a wani kamfanin maganin dabbobi. Daga gidanmu a Ƙaura Namoda yake tashi da farar motar kamfanin, ya kai kaya Kasuwar Daji, wata rana Zurmi, wata rana Shinkafi. A ƙarƙashin kujerarsa an maƙala wata 'yar baƙar na'ura, ba ta fi sandar sabulu girma ba, mai gaya wa ofishinsu na Gusau inda motar take da irin gudun da take yi. A gida Magulmaciya muke ce mata. Ko atishawa Baba ya yi, kafin ya ce alhamdu lillahi an ji a Gusau.

Dokar kamfani ita ce kar ya wuce sittin. Sai dai a hanyar Shinkafi akwai wani wuri da gonaki suke ƙarewa, daji ya matso har bakin kwalta. Babu mai wuce wurin nan da sittin. Nan ne ake tare motoci. Masu tarewar ba ma kiran sunansu a gidanmu, "mutanen nan" kawai muke cewa, mu rage murya.

Wata Alhamis da yamma wani mai babur ya kawo ambulan, da takardar kamfani a ciki. Baba ya karanta Alƙur'ani, ya san ajami, amma Turanci sai ni. Ya zauna kan tabarma, Inna ta bar tankaɗe, na gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Uwata, mi ta ce?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

"Ta ce ka yi ɗari da goma a hanyar Shinkafi. Ta ce ka rubuto dalili, ka kai da hannunka cikin kwana bakwai, in ba haka ba a karɓe makulli."

Inna ta dafe ƙirji. "Ɗari da goma, Malam? Jirgi sunka ba ka?"

Baba bai kula ta ba. Ya ƙirga da yatsu. "Kwana bakwai. Rana ita yau ke nan, Alhamis."

"Kamar suna," in ji Inna. "Yaro ya faɗo Alhamis, a yanka rago Alhamis."

Na gyaɗa kai da ƙarfi kamar ni na rubuta dokar. Duk garinmu haka ake ƙirga bakwai. Haka aka ƙirga nawa, haka aka ƙirga na ƙannena, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Makullin nan shi ne tuwonmu. Gonarmu ta wajen Banga shekara biyu ke nan ba a je ba, saboda mutanen nan. Don haka Baba ya yanke hukunci: daga makaranta sai ɗaki, babu gidan ƙawaye, babu tsayawa a famfo, sai na rubuta wasiƙar da za ta sa manaja hawaye.

Ta farko na rubuta gaskiya: ya yi gudu ne don tsoro.

"Kul! In sunka ji hanya ba ta da lahiya, su rufe ta. In an rufe ta, wa ka buƙatar direbanta?"

Ta biyu na ce Magulmaciya ce ta yi ƙarya.

"Ba ta yi ƙarya ba. Da idona na ga inda allurar mita ta kai."

Ta uku na ce birki ne ya shanye.

"Ki sa in yi ƙarya, ni da ka sallah sahun gaba? Kuma a kori makanike a banza?"

"To Baba, gaskiya ba dama, ƙarya ba dama. Me zan rubuta? Gaisuwa?"

"Ba ke ce 'yar boko ba? Nemo wadda ke tsakani."

Na nemi tsakanin nan har littafin lissafina ya rame, saura bango da bango. Ta taga ina jiyo ƙawayena suna shewa a bakin famfo. Ƙanina yana turo min tuwo ta ƙarƙashin labule yana cewa, "Fursuna, an gaishe ki." A kwana na huɗu na fara mafarki da Turanci. A na biyar na soma magana da ƙadangaren da ke bango, kuma wallahi shawararsa ta fi ta kowa a gidan.

Ranar Laraba bayan azahar Baba ya dawo da wuri don ya ji wasiƙa ta goma sha ɗaya. Yana alwala, ni kuwa takarda ta ƙare min, sai na juya ta kamfanin don in zana gashin bakinsa a bayanta. Ashe akwai rubutu a bayan. Layi biyu ne, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Alhamis ɗin da aka rubuta takardar ita ce rana ta ɗaya. Wa'adi zai cika Laraba, ƙarfe huɗu na yamma.

Na dubi agogon bango. Uku da kwata.

Na fito tsakar gida da takardar a hannu. "Baba, su ba irin na suna suke ƙirgawa ba."

Ya tsaya da buta a hannu. Na karanta masa. Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ɗauko biro. Ki ƙarasa a mota."

Daga Ƙaura zuwa Gusau, direban haya mai zafin ƙafa zai iya kai mutum kafin huɗu. Baba ma zai iya. Muka hau kwalta, allura ta hau sittin, ta tsaya cak.

"Baba, taka mana!"

Ya nuna ƙarƙashin kujera da haɓa. "In taka, in kai amsar gudu da sabon gudu?"

Nan na gane irin tarkon da muke ciki. In ya yi sauri, laifi biyu. In bai yi ba, wa'adi ya wuce. Motocin haya suna wuce mu fiu, fiu. Wani mai babur ɗauke da awaki biyu ya wuce mu, akuyar baya ta juyo ta kalle ni da tausayi. A kowane shingen jami'an tsaro sai an leƙo an tambayi abin da muka ɗauko. Zafi ya cika motar, gumi yana ɗiga kan takardar da ke gwiwata, kowane rami yana mai da rubutuna kamar sawun kaza.

"Me zan sa, Baba?"

Idonsa a kan hanya ya ce, "Sa: na yi gudu. Ina da 'ya'ya biyar. A yi haƙuri."

Abin da na rubuta ke nan. Bayan kwana shida da wasiƙa goma sha ɗaya, layi uku.

Huɗu da rabi muka shiga ofis. Wata mata mai tabarau ce a teburin karɓar takardu. Ta dubi wasiƙar, ta dubi agogo, ta dube mu.

"Hajiya, lissahin suna munka yi," in ji Baba, hularsa a hannu.

Ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira. Sai ta buga hatimi, ta rubuta lokaci a ƙarƙashinsa, huɗu da rabi, ba ta rage ko minti ɗaya ba. "Baba, ka yi haƙuri. Ni ma akwai mai duba nawa."

Manaja bai kore shi ba. Ya karɓe makulli na wata ɗaya, ya ce in aka sake, babu wata wasiƙa. A motar haya muka dawo, Baba a matse a tsakanin buhun albasa da wani mai barci.

Watan nan Baba ya gyara duk abin da ke gidan, har abin da bai lalace ba. Ya kwance keken ɗinkin Inna ya mayar, kusoshi uku suka yi saura. Miya ta koma ba nama.

Da watan ya cika aka mayar masa da makulli, da hanyarsa ta da. Ran da ya fara komawa Shinkafi na tsaya a zaure har motar ta sha kwana. Tun daga lokacin, duk mai babur da ya tsaya a ƙofarmu sai na dubi hannunsa. Ambulan bai sake zuwa ba. Inna tana cewa alhamdu lillahi. Ni kuwa na san abin da hakan yake nufi: da sittin Baba yake wuce wurin nan yanzu.