Yaya Ramatu da Masu Ɗaukar Doka a Hannu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Ramatu, kuma har yau idan na ga tallar sabon fim a jikin bas, wani ƙato ya rufe fuska ya sha baƙaƙen kaya, sai hannuna ya nufi aljihu zan kira ta. Da farko wannan mantuwar kuka take sa ni. Yanzu dariya take ba ni, domin na san abin da za ta ce tun kafin ta shiga silima.

Mutanen Small Heath, unguwarta a Birmingham, sun san ta da aikin jinya, da dogon hijabi, da tukunyar shinkafa da wake da take kaiwa gidan suna ko ba a roƙe ta ba. Kaɗan ne suka san a ƙarƙashin gadonta akwai akwatuna cike da littattafan labarin zane, waɗanda yara ke kira komik. Tun muna zangon Kumasi ta kamu da su. Wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa take tsinto su, wasu ba bango, wasu ba shafin ƙarshe. Da su ta gyara Turancinta, da su kuma ta koya mini karatu, tana bin kalma da yatsa tana canza murya.

Jaruman kirki masu murmushi ba sa burge ta. Nata su ne waɗanda aka zalunta har suka fid da rai daga kotu da 'yan sanda, suka ɗauki doka a hannunsu, irin mutanen da ba za ka so maƙwabtaka da su ba. Na taɓa tambayarta me mace mai sallah a kan lokaci take nema wurinsu. Ta ce, "A asibiti nake aiki, Nasiru. Kullum ina ganin mutumin kirki da mugun hali a gado ɗaya. Waɗannan aƙalla ba sa ɓoye mini."

Ita ta riga ni zuwa Ingila. Da na biyo baya sai na sami aiki a wani sito na kayan sari a Cheetham Hill, ta zauna Birmingham, na zauna Manchester. Da aka fara mayar da littattafan nata fim ɗaya bayan ɗaya, sai ta kafa mana doka. Duk wanda ya fito, za ta hau jirgin ƙasa ran Asabar da safe, mu yi azahar, mu shiga kallon rana, sannan mu wuce flat ɗina, wato gidana, inda matata Mariya ke jiranmu da tuwo. A kan wannan tuwon ake yanke hukunci.

Yawanci hukuncin kalma uku ne: "Sun wanke shi." Ma'ana mutumin da littafi ya zana da ƙazamin ɗaki da mugun baki, an ba shi fararen haƙora, budurwa da barkwanci, don kada mai kallo ya ji nauyi a ransa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne faɗa. Jarumi zai faɗo daga bene ya miƙe ya karkaɗe riga, ita kuwa tana raɗa mini a kunne cewa wannan ya karya ƙashin kafaɗa, sati shida ba zai iya ɗaga kofi ba. Wata rana raɗar ta fito fili, wani dattijon Bature da ke gabanmu ya yi ta dariya har sai da matarsa ta zungure shi. Sau ɗaya tak na ga ta fito shiru. Mun kusa hawa tiram, jirgin cikin gari, kafin ta ce, "Wannan kam sun karanta littafin."

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau. Irin waɗannan finafinan sun yi yawa, wasu ma an yayyanka su kashi-kashi ana kallo a waya. 'Yarta Asma'u, wadda ta kusa gama jami'a, a cikin bas take kallonsu. Na tabbata Yaya za ta yi mita, kuma za ta kalle su duka. Za ta ji daɗin cewa wasu masu shirya fim sun yi ƙarfin halin barin jarumi da muninsa. Amma ba na jin za ta yafe yadda jini ya koma ado, a kashe mutum a bi shi da raha.

Na san haka ne saboda abin da ya faru da ni shekara biyu kafin rasuwarta. Kaya suka ɓata a wurin aikinmu, wani abokin aikina, bari in kira shi Sule, ya ce da idonsa ya ga ina loda su a mota. Aka dakatar da ni. Mutumin nan mun ci abinci a kwano ɗaya. Kwana uku ban runtsa ba, ran Asabar na ɗauko ƙarfen kwance taya na ajiye a bakin ƙofa, na ce ran Litinin zan jira shi inda yake ajiye mota. Mariya ta ɗauki waya. Ta kira Yaya.

Da hantsin Lahadi sai ga ta. Ta dubi ƙarfen, ta cire takalmi, ta zauna.

Na ce, "Yaya, ke fa kika koya mini son irin mutanen nan."

Ta ce, "Ashe fim ka kalla, ba ka karanta ba. A littafi, bayan ya rama, akwai shafin da yake zaune shi kaɗai, ba mata, ba 'ya'ya, ba mai yi masa sallama. Wannan shafin fim ke tsallakewa. Ni kuma na ɗinke kan mutumin da aka buga wa irin wannan ƙarfen, na ga matar wanda ya buga tana kuka a ƙofar asibiti. Ba ni shi."

Na ba ta. Ta sa a jakarta tare da carbi da robar abinci, ta sha shayi, ta ce za ta kama jirgin la'asar. Ran Talata manaja ya kira ni, ya ce Sule ya janye maganarsa, an kuma gano inda kayan suka shiga. Na koma aiki. Na ɗauka tsoron Allah ne ya kama shi shi kaɗai.

Sai a zaman makokinta na ji sauran labarin. Ina karɓar gaisuwa sai ga Sule, ya taso tun daga Manchester. Ya ja ni gefe ya ce ranar Lahadin nan ba tasha ta nufa ba, gidansa ta je a unguwar Old Trafford. Ta yi sallama, ta gaida matarsa, ta tambayi sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗora ƙarfen a kan teburi ta ce, "Wannan na ƙwace daga hannun ƙanena. Na yi nawa, saura naka." Ya ce awa biyu ta zauna, ba ta ɗaga murya ba, har ta duba wa ƙaramarsu ƙurajen hannu ta ce a kai ta wurin GP, wato likitan unguwa. Ya ce ƙarfen yana gidansa har yanzu, ya rasa yadda zai yi da shi. A tsakiyar makoki dariya ta ƙwace mini, shi ma ya yi, muka yi ta yi muna share hawaye, mutane na kallonmu.

Idan na auna abin da ta bari, littattafan ne mafi ƙanƙanta. Ta bar mini aikina da sunana. 'Ya'yana sun tashi da uba a gida, 'ya'yan Sule ma haka, kuma babu ɗayansu da ya san saura ƙiris abin ya zama daban. Ni da Sule ba mu koma abokai ba, amma idan muka haɗu a masallacin Juma'a mukan yi musabaha, kuma duk shekara a makon rasuwarta yakan aiko mini da saƙo cewa ya yi mata addu'a.

Allah ya haskaka makwancinki, Yaya Ramatu, ya karɓi jinyar da kika yi wa bayinsa, har da mu biyun nan da ba mu taɓa kwanciya a asibitinki ba.