Yatsu Huɗu a Kafaɗar Silvanus

Silvanus Kumai akawun sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, amma in ka ga takunsa da safe, biro uku jere a aljihun riga, sai ka rantse shi ya shimfiɗa layin dogon da hannunsa. Ba ya amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga gira. Yaren garinsu kuwa cewa ya yi ya manta, wai Turanci ya cika masa baki, alhali Turancin nasa bai wuce na rubuta rasit ba.

Ubansa, Baba Kumai, manomin citta ne a wani ƙauye wajen Kwoi. Shekara da shekaru yana tono yana shanya har ɗan ya gama makaranta. Ranar da aka ba Silvanus hular reluwe, a 1975, tsohon ya biyo mota ya zo taya murna, ba ko takalmi, riga ta sha jar ƙasa. Wani abokin aiki mai 'yar kyamara ya ɗauke su tare. Hoton bai fi tafin hannu ba. Ɗan ya ƙame kamar soja, uban yana dariya har wawulo, ya ɗora hannu a kafaɗarsa.

Shekara ta zagayo, Silvanus ya shiga neman auren Bernice, malamar asibiti. Da danginta suka tambayi asalinsa, ya ce ubansa tsohon malamin majami'a ne da ya yi ritaya. Suka ce to, kawunta Malam Rufus, hedimasta, zai zo ran Lahadi ya ga ɗakinsa. Ɗakin akwai rediyo, akwai kujeru biyu, amma bango fayau, kuma hoton nan shi kaɗai ne ya nuna hular.

Ya ɗauke shi ya nufi rumfar Ƙasimu mai gilashi a bayan kasuwa. Ƙasimu ya juya hoton, ya ɗauko ƙaramin firam na katakon maɗaci da farin kwali.

"Malam akawu, wannan ne daidai da shi. A bar kwali yatsa biyu ta kowane gefe, hoton ya sha iska."

Silvanus ya taɓe baki, ya nuna wani ƙaton firam mai ruwan zinariya, irin na hoton biki, wanda sai a zuba hotonsa goma a ciki.

"Wancan nake so. Kuma ka matse tagar kwalin, ni kaɗai zan fito."

"Dattijon nan fa?"

"Lebura ne. Shigowa ya yi cikin hoton."

Ƙasimu ya dubi hancin dattijon, ya dubi hancin da ke tsaye a gabansa. Ya ɗora kwali, ya ja reza a hankali. Fuskar dattijon ta shige ƙarƙashi, rigar ta shige, dariyar ma ta shige. Sai yatsu huɗu suka rage a kafaɗa, ƙaramin cikinsu a lanƙwashe.

"Hannun ba zai rufu ba sai na cinye maka rabin hula," in ji Ƙasimu.

Silvanus bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce a bar hular.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada Malam Rufus ya iso. Bai gama zama ba sai ga sallama a ƙofa. Baba Kumai ne, da doya a ka da kaza a hammata, ya ji labarin aure daga bakin direba ya kasa zama a gida. Silvanus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tura masa kujerar tsugunno a bakin ƙofa, ya koma wajen baƙonsa kamar mai tallan itace ne ya zo.

Malam Rufus ya miƙe yana duban ƙaton firam da ɗan mutum a tsakiya.

"Hannun wa ke nan a kafaɗarka?"

"Shugaban tasha ne, yana taya ni murna."

Tsohon ya ɗaga kai. Daga inda yake zaune yana hangen bangon sarai, kuma ya san ranar, ya san inda ya tsaya. Ya daɗe yana kallo.

Hedimasta ya juyo gare shi. "Sannu, Baba. Daga ina?"

"Daga ƙauye, Malam. Ni mai kawo masa doya ne."

Silvanus ya yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi, mara kunya. Amma da tsohon ya miƙa hannu zai ajiye kazar, Malam Rufus ya ga ɗan yatsan nan a lanƙwashe. Ya sake duban bango. Sai ya cire hularsa, ya durƙusa ya gaida Baba Kumai da yare, gaisuwar da ake yi wa uba. Ya ce shi zai raka shi tashar mota, ya fita bai ko taɓa lemon da aka buɗe masa ba.

Silvanus na tsaye a ƙofa yana jin muryar ubansa tana nisa: "Malam, don Allah kar ka riƙe shi a zuciya. Yaro ne mai kirki, kunya ce kawai ta kama shi."

Ba a yi auren ba. Har Silvanus ya bar aikin reluwe, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Ƙasimu ne ya ɓata masa aure, don bai iya yankan kwali ba. Baba Kumai kuwa bai fasa aiko da doya duk kaka ba, amma ta hannun direba. Bai ƙara taka Kafanchan ba har ya rasu.